Tsuntsayen Goggo Balaraba Marasa Ido

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Rajab, shekarar 1949, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Goggo Balaraba, mai zanen ƙwarya ta Ƙofar Taramniya. Ina makarantar kwana, sai ranar Alhamis labari ya same ni.

Goggo, ke kaɗai kika san ina zane. Baba ya hana ni zana abu mai rai, shi ya sa nake ɓoye littafina cikin tulunki da ya tsage. Ke ma gauraka da zalɓe kike ƙonawa a jikin ƙwarya da wuƙa mai zafi, amma ba ki taɓa yi musu ido ba. Kin ce mini ido da rai na Allah ne.

Bara malamarmu Baturiya ta raba mana tsofaffin mujallun Amurka mu lulluɓe littattafanmu da su. A takardata akwai zanen wani farin tsuntsu shi kaɗai kan turke, cikin fili babu komai, kuma ba shi da ido. Da hutu na kawo miki. Kika daɗe kina kallo, sannan kika ce, "Ɗiyata, wanga mutum malami na. Dubi, ya ji tsoron Allah, bai yi mai ido ba."

Na karanta rubutun da ke ƙasa: mai zanen yana nufin mutumin da ya rasa mai kallonsa ne, har shi ma ya daina duban kowa. Kunya ta hana ni gyara miki. Kika manna takardar a bango kusa da gadonki, kina yi wa baƙon mai zanen addu'ar shiriya. Sai yanzu na tuna shekara goma sha ɗaya kika yi ke ɗaya a ɗakin nan.

Kin ce in zana miki balbelar Dundaye kafin hutu. Na gama ta tun makon jiya, Goggo. Ban yi mata ido ba, kuma ban san wa zan nuna wa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki abokan zama a Aljanna. Ina yi wa ɗanki Abdulwahabu da Baba ta'aziyya. Idan za a share ɗakin, ina roƙo a bar mini tsagaggen tulun.

Atika Siddiƙu