Wankan Asabar

Babanmu bakanike ne, kuma a garejinsu ba mai kiransa da sunansa. Kunne suke ce masa. Mai mota zai zo yana ta zuba bayani, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce a tayar da ita. Sai ya karkata kai ya lumshe ido kamar mai jin waƙa, can ya nuna wani wuri da sifana ya ce a kwance nan. Tambayarsa ɗaya ce kullum: yaushe take yin ƙarar, da safe ne ko in ta ɗau zafi? Mu ma haka ya raine mu. In ka ce cikinka na ciwo, sai ya tambaye ka me ka zuba a tanki.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannun Baba da kalarsa ta asali ba. Baƙin mai ya shiga layukan tafinsa da ƙasan farcensa ya yi zamansa. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Shi kuwa ko a jikinsa, da hannun yake shafa kanmu, da shi yake nuna mutum in gardama ta yi zafi.

Sai na haihu. Jikarsa ta fari, yarinya mai kumatu, har Kumatun ya bi ta ya zama suna. Ranar da ya fara zuwa ganinta daga gareji ya taho, ya wanke hannu a gurguje ya karɓe ta. Da ya miƙo min ita, sai ga shatin babban yatsansa baƙi ƙirin a jikin farin tawul. Duk muka kwashe da dariya, mijina ya ce ai kaka ya buga hatimi, ba mai iya sace ta. Baba ya yi murmushi kawai, yana kallon tawul ɗin.

Daga nan kowace Asabar da yamma yana gidanmu, fes da shi, ya kwantar da ita a ƙirjinsa yana ba ta labarin motoci. Yana ce mata amarya, wai Mama ta tsufa, ya yi sabuwa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin wannan ba.

Ba a jima ba ƙaiƙayi ya fara. Ƙananan ƙuraje jajaye a hannuwansa har gwiwar hannu, da wuyansa, da ƙirjinsa. Ya wuni yana susa kamar mai kaɗa garaya, tsakiyar mako su lafa, mako ya zagayo su dawo. Mama ta ce kuɗin cizo ne, ta fitar da katifa rana, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta hana shi ƙwai, ta hana shi kifi, ta hana shi gyaɗa, har Baba ya ce in ƙaiƙayi bai kashe shi ba yunwa za ta gama da shi. Yayana ya kai shi asibiti. Likitar ta duba ta ce ba ƙazuwa ba ce, wani abu ne yake taɓa fatar, ta tambaye shi ko ya canza sabulun wanka. Ya ce sabulun da matarsa take saye tun aurensu shi ne dai har yau, kuma gaskiya ya faɗa. Ta ba shi man shafawa, ya yi sauƙi, ya sake dawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba ya daina ɗaukar Kumatu. Zai zo kamar kullum, amma ya zauna a kujerar bakin ƙofa, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Yarinya ta fara gane mutane, tana jin muryarsa sai ta hau harba ƙafa tana miƙa. In na kawo masa ita sai ya ja baya ya ce a bari tukuna. Ya sa a ransa cewa dattin gareji ne ya zame masa cuta, kuma ba zai shafa wa jaririya ba ko likitocin duniya za su taru. Wata rana ta yi ta miƙa masa hannu har ta gaji ta fashe da kuka, ya tashi ya fita ba sallama. Na shiga kicin ni ma na yi nawa.

Mama ce ta lura cewa ƙurajen da safiyar Lahadi suke fitowa. Maimakon ta faɗa a hankali, sai ta kira ni ta ce a gidana yake kwaso su. Raina ya ɓaci matuƙa, don ni ba ƙazama ba ce, ita ta san wadda ta raina. Duk da haka na wanke labule, na kakkaɓe kujeru, na kai kyanwarmu gidan maƙwabta, baiwar Allah ba ta san laifinta ba. Lahadi ta zo, Baba na susa.

Asabar ta gaba ban jira shi ba. Na goya Kumatu na nufi gareji, niyyata in ɗora masa ita a cinya a gaban abokansa in ga ta inda zai gudu. Mai faci, amininsa, ya nuna min bayan rumfa, ya ce Kunne na can wajen famfo yana wankan ango, haka yake yi duk Asabar, su har sun daina tsokanarsa.

Na zagaya na same shi daga shi sai wando, ya sunkuya a kan bokiti. Ya zuba garin sabulun wanki, ya tsiyaya ruwan maganin nan mai hawa kai da ake wanke banɗaki da shi, yana dirzar hannuwansa da wuyansa da ƙirjinsa da soson ƙarfe irin na tukunya. Daidai inda Kumatu take kwanciya, daidai inda ƙurajen suke fitowa.

“Baba, tun yaushe kake wannan?”

Ya ɗago a kunyace, kumfa har kunne. Ya ce tun ranar tawul. Da ƙurajen suka fito kuma sai ya ga ai dattin bai fita sosai ba, ya ƙara magani.

Na ce, “To Baba, yaushe take yin ƙarar? Kafin wankan ko bayansa?”

Ya tsaya. Ya karkata kai yadda yake yi wa mota, ya dubi bokitin, ya dubi hannunsa. Can sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya fara dariya, har ya riƙe ciki, har mai faci ya leƙo. Ni ina dariya hawaye na zuba.

Da muka koma wa likitar ta riƙe baki. Ta ce ko ƙofar mota aka yi wa haka fenti zai tashi. Ta ce ya yi wanka da sabulun gida, ya shafa mai, ya canza riga, shi ke nan. Baƙin da ya zauna a layukan hannu ba ya cutar da kowa. Ƙurajen suka bushe, ba su sake dawowa ba. Mama ta dawo masa da ƙwai, ni na dawo da kyanwa, har yau dai Mama ba ta ba ni haƙuri a kan maganar gidana ba.

Asabar ɗin da ya warke ya shigo ya tarar Kumatu tana tsala kuka, na yi jijjiga na gaji. Bai ko kalli kujerar bakin ƙofa ba. Ya miƙo hannuwan nan nasa da baƙin layukansu, ya ɗauke ta, ya kara kunne a cikinta ya lumshe ido.

“Injin lafiya lau,” in ji shi. “Iska ce ta shiga.”

Ya ɗora ta a kafaɗa yana bubbuga bayanta. Ta yi wata gyatsa da ta fi ƙarfin jikinta, ta damƙe babban yatsansa, ta yi barci. Bai ajiye ta ba har Mama ta kira waya tana tambaya ko a can zai kwana.