Ranarki Ba Za Ta Ɓace Ba, Kaka Lan

Ranar Talata, sha huɗu ga watan goma na lissafin wata, a wannan shekara da muke kira shekarar Sa, wato 21 ga Nuwamba 1961, Gimbiya Tuong Lan ta rasu a gidanta da ke unguwarmu ta bakin kogi, a nan birnin Hue. Ta haura shekara sittin. Tun safe ake ruwa, irin ruwan nan namu da ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Na dawo daga makaranta na tarar da Inna tsaye a kafar shingen da ya raba gidanmu da nata, ko laima babu. Ta ce mini, "Cire takalmi ki shiga ki gaishe ta. Ta tafi."

Malamarmu ce ta ce in rubuta wani abu domin mujallar makaranta, tunda ni ce maƙwabciyarta. Ni ba mai iya magana a gaban jama'a ba ce, duk 'yan ajinmu sun sani. Saboda haka zan yi magana da ke ne kawai, Kaka, yadda na saba.

An haife ki a cikin ganuwar fada, ɗaya daga cikin 'ya'ya mata masu yawa na sarkin sarakuna. Na taɓa tambayarki kamanninsa. Kika ce abin da kika fi tunawa shi ne takalminsa, domin ba a ɗaga ido a gabansa, ko da 'yarsa ce. Kina ƙarama Faransawa suka sauke shi suka kai shi bayan teku. Kika ce ranar da aka fitar da shi kin yi kuka, amma ba ki tabbata ko shi kike yi wa ba, ko kuwa ganin kowa yana yi ne.

Kina da shekara sha bakwai aka aurar da ke ga Likita Khiem, ɗan wani babban ma'aikacin fada. Labarin nan na fi so, kuma kin ba ni shi ya fi a ƙirga. Shekara guda kuna gida ɗaya bai taɓa zama kafin ki zauna ba, bai taɓa kallon fuskarki ba, komai sai "Ranki ya daɗe". Wato abin da kika yi wa mahaifinki shi aka dawo ana yi miki, kuma kika ce sai a lokacin kika gane irin kaɗaicin da tsohon yake ciki. Wata rana kika shiga ɗan tafkin bayan gida tsinko furen bado, santsi ya kwashe ki, ruwa ya kai miki wuya. Likita ya rugo ya tsaya a gefe, hannu a miƙe, kai a sunkuye.

"Ranki ya daɗe, a ba ni izini in kama hannu?"

"Jira in gama nutsewa tukuna, sai in aiko maka da izinin."

Kika ce ranar ce ya fara dariya a gabanki, yana ja yana dariya har shi ma ya faɗa. Daga nan kuka zama abokai. Da na tambaye ki ko santsin ne da gaske, sai kika ce in ci gaba da karatuna.

Mutanen unguwarmu sun fi ni sanin abin da ya biyo baya. Barandar gidanku ta zama ɗakin shan magani na masu kwale-kwale da masu jan keke. Awarwaron aurenki suka bi hanya ɗaya bayan ɗaya suka dawo kwalaben magani. A shekarar yunwa tukunyar kunun shinkafarki ba ta sauka daga murhu ba, kuma Inna ta ce ita da ƙannenta biyu a layin nan suka rayu. Idan kogi ya yi ambaliya ya kawo gawar da ba mai ita, ke kike ɗaura zane ki wanke ta, 'yan uwanki na fada suna cewa kin zubar musu da mutunci. 'Yan matan da ke kwana a kwale-kwale a kan ruwa, waɗanda babu makarantar da za ta karɓe su, a kan tabarmarki suka koyi rubuta sunansu.

Ba ku sami haihuwa ba. Sannan yaƙi ya zo. Wata safiya aka zo kiran Likita zuwa wani ƙauye a ƙetaren kogi, wai mace ce naƙuda ta tsananta mata. Ya ɗauki jakarsa ya ce a ajiye masa abincin rana. Ba a sake ganinsa ba, ba a ga gawa ba, babu wanda ya iya cewa ga ranar da ya mutu.

Kowa ya san halin mamacin da ba shi da ranar da za a riƙa tunawa da shi duk shekara. Ba a dafa masa abinci, ba a kunna masa turare, yana yawo a bakin ƙofofin mutane da yunwa. Dattawa suka ba ki shawara ki ɗauki ranar da ya fita ta zama ranarsa, kamar yadda ake yi. Kika ƙi. Kika ce idan kika sa masa rana, ke ce kika kashe shi. A maimakon haka, duk tsayuwar wata da cikarsa sai ki fito bakin ƙofa da kunu da gishiri da turaren tsinke, ki kira duk wanda ba shi da mai kiransa. Kina cewa idan yana cikinsu zai ci, idan kuma ba ya ciki wasu za su ci. Turare na cinyewa sai ki raba kunun ga masu rai. Shekara goma sha huɗu kina haka.

Ni kuwa kazarmu ce ta haɗa mu. Ina shekara sha ɗaya ta tsallaka gidanki, na bi ta, na gan ki zaune da littafi dab da hancinki, na ɓuya a bayan randa. Kika ce duk wanda ke bayan randar nan, idan ya iya karatu ya fito. Na fito na karanta miki shafi guda, murya kamar ta sauro. Kika ce, "Ɗaga murya, yarinya. Ni ba sufeton makaranta ba ce, tsohuwa ce mai rabin kunne." Tun daga ranar kusan kullum nake zuwa. Da na ci jarrabawar shiga sakandare, ke kika farke shafin wata tsohuwar rigarki ta siliki kika sa aka ɗinka mini farar rigar makaranta. Ita ce a jikina yanzu, an sake mata tsawo sau biyu.

Kin hana ni cewa "Ranki ya daɗe". Kika ce masu faɗa miki haka sun ishe ki, sau ɗaya suke zuwa a shekara, da sabuwar shekara, su rusuna su sha shayi su tafi. Kika ce in ce miki Kaka. Kuma ni kaɗai na san kina aika ni in tare mai tallar shinkafar talakawa, wadda ake haɗawa da 'yan koɗin kogi da gyaɗa, in ce a ninka barkono. Kina ci hawaye na zuba, kina cewa abincin fada ido kawai yake ƙosarwa. Idan na tashi tafiya da yamma kina raka ni har kafar shinge, ki tsaya. Nakan waiwaya in gan ki tsaye, babban gidan nan a bayanki duk tagoginsa a rufe.

An yi miki jana'iza yadda ya dace. 'Yan uwanki sun zo da baƙaƙen rawuna, masu kwale-kwale suka tsaya daga nesa cikin ruwa. Bayan nan ne tsoro ya kama ni. 'Ya mace ta dangin miji ce, don haka ba za a sa hotonki a teburin da ake kai wa kakannin gidanku abinci da turare ba. A dangin Likita kuwa mutum ɗaya ya rage, Yallaɓai Dinh, ɗan ƙanensa, wanda ya zo daga Saigon. Mutumin kirki ne, ya yi hidima sosai, amma yana shirin komawa Faransa da iyalinsa. Ya ce zai sayar da gidan, hotonki kuma ya kai haikali a rataye tare da na marasa magada. Na san bangon nan, mun taɓa zuwa tare. Kin dubi hotunan nan jere har rufi kika ce, "Nan ma gida ne mai kyau. Sai dai abinci ɗaya ake ba kowa, kuma ba barkono." Kika yi dariya, amma sai da kika sake waiwayar bangon kafin mu fita.

Na kwana biyu ina juya maganar kafin in iya kai ta gaban Baba. Yana firar katako na durƙusa na roƙe shi a sa ki a teburinmu. Ya ajiye abin firar ya dube ni.

"A ina? In sa ta sama da kakanki, in wulaƙanta ubana a gidansa? Ko in sa 'yar sarkin sarakuna ƙarƙashin mai facin kwale-kwale? Gaya mini wanne kike so hannuna ya shanye a kai."

Inna ba ta yi faɗa ba, amma maganarta ta fi zafi. Ta ce ni kaina baƙuwa ce a gidan, gobe wani mai kunnuwa kamar faranti zai zo da kayan gaisuwa ya tafi da ni, in je in riƙa dafa wa matattun wasu. To daga nan wa zai tuna da ke? Ƙanena, da ko ranar kakansa sai an ja masa kunne? Na koma ɗaki na buɗe littafin lissafi ina kallonsa kawai.

Baba bai sake tayar da zancen ba, sai dai na lura ya sauko da katakon nan mai kyau da ya ɓoye a rufi don akwatin aurena. Da mako ya zagayo ya kira ni kafar shinge. Ya kafa ginshiƙi daidai inda kike tsayawa, a kansa ɗan ƙaramin ɗaki mai rufi, irin wanda ake yi wa matattu marasa gida. Ya ce a nan ba ki sama da kowa, ba ki ƙasa da kowa. Sannan ya nuna mini cewa babu ƙusa ko ɗaya, duka da turaku ya haɗa, ana zare biyu ɗakin zai ɗago.

"Ranar da za a kai ki, ki ɗauke ta ki tafi da ita. Ki gaya wa mai kunnuwan tun da wuri cewa da kakarki za ki zo. Akwati kuwa babu, kin cinye shi. Hoton ke za ki je ki roƙo, ni na yi nawa."

Kaka, kin san ni. Na tarar da Yallaɓai Dinh yana ɗaure littattafan Likita da igiya. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, ina kallon yatsun ƙafata. Ya ce, "Me kika ce, yarinya?" Na maimaita, bai ji ba. Na kusa juyawa in gudu. Sai na tuna tsohuwa mai rabin kunne, na ɗaga murya har na ji ta dawo mini daga bangon falon. Na ce ina roƙon hotonki, zan riƙe ranarki muddin ina da rai, kuma na san abincin da kike so. Ya tambaye ni wane abinci ne. Da na faɗa masa sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce shekara arba'in yana kiranki gwaggo, bai taɓa sanin kina cin barkono ba.

Hoto ɗaya ne tak a gidan, na ranar aurenku. Kina zaune cikin rigar fada kina kallon gaba, Likita yana tsaye a bayanki, idonsa a ƙasa. Babu yadda za a raba ku sai da almakashi, ni kuwa ba zan iya ba. Saboda haka na sa ku tare. Na san kin ƙi sa masa rana, kuma ina neman afuwarki idan na yi karambani. Amma na yi tunanin tunda yanzu kin isa inda yake, kin riga kin san amsa. Sha huɗu ga watan goma zan zuba kwano biyu. Kunun tsayuwar wata ma ban bari ba, sai dai nawa yana yin ruwa-ruwa.

Har yanzu idan na dawo daga makaranta ƙafata takan nufi kafar shingen da kanta. Gidan a kulle yake, ciyawa ta fara cin hanyar tafki. Nakan tsaya a gaban ɗan ɗakinki in karanta miki shafi guda, da ƙarfi. Maƙwabta sun daina leƙowa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yallaɓai Dinh da iyalinsa, da fatan su sauka lafiya inda za su. Ina yi wa 'yan uwanki na gidan sarauta ta'aziyya, da matan kan ruwa da kika koya wa rubutu, da duk wanda ya taɓa riƙe ƙoƙo a ƙofarki. Mai Sama ya ji ƙanki, ya haskaka miki hanya, ya sa tausayin da kika yi wa marasa kowa ya tarbe ki. Ya haɗa ki da Likita Khiem a inda ba a neman izini kafin a kama hannu. Ya nuna miki fuskar mahaifinki. Ni kuma ya ba ni tsawon kwana da miji mai haƙuri, don kada ranarki ta ɓace.

Jikarki ta ƙetaren shinge,
Bich Tram, aji huɗu