Kalmasa Uku a Rigar Muntasir

Hantsi ne, ranar Laraba, ina zaune a tsakar gidan surukina Harisu a Dapaong da reza a hannuna, ina warware kalmasa ta uku a rigar jikana, sai na ji sallamar Awudu direba. Awudu shi ke jigilar albasa da dawa tsakanin nan da Sokodé, kuma duk zuwansa da surutu yake shigowa, yana tambayar ko da sauran koko. Ran nan bai tambaya ba. Ya durƙusa nesa da tabarma, ya gaishe ni har sau biyu, sannan ya ce, "Inna Ma'u, sai haƙuri. Inna Madina tela ta rasu shekaranjiya. Zazzaɓi ne na kwana uku. An yi mata sutura bayan azahar."

Na yi salati. Na dubi rigar da ke kan cinyata, saura ɗinki huɗu ko biyar in gama cire baƙin zaren da ita ta saka da hannunta. Jikana Muntasir yana gefena a zaune tsirara, wata shida da kwana tara, yana ta ƙoƙarin cusa ƙafarsa a baki. Ban iya ƙarasawa ba sai washegari.

Madina 'yar Kambolé ce. Aure ya kawo ta Komah, cikin Sokodé, gidan Alidu mai gyaran keke, katanga ɗaya tsakaninmu da su. 'Ya'yanta huɗu, duk Allah ya raya mata. Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta rabuwa da allura a soke a gefen ɗankwalinta, har mukan ce wata rana a sujada za ta soke limamin Komah daga sahun mata. Ta iya ɗinkin manya, amma ba shi take so ba. Takan ce babba in riga ta matse shi yana da bakin magana, jariri kuwa sai kuka, a yi ta ɗura masa jiƙo alhali wuyan riga ne ke cin sa.

Dalilin haɗuwarmu ba mai daɗi ba ne. Da cikina na fari, tun yana wata biyar na cika kwalla da kayan jariri, har da 'yar hular ulu da na saya wurin wata Bayarabiya. Yaron bai zo da rai ba. Na biyu ma haka na yi, na ƙara da safa. Ita jaririyar ta zo da rai, ta kwana biyar, ta koma kafin suna. Tsofaffin unguwa ba su faɗa mini a ido ba, amma na ji abin da suke cewa: Ma'u gaggawa gare ta, ana ɗinka wa baƙo riga tun bai sauka ba? Na san rai na Allah ne, malamai ma sun faɗa mini. Amma zuciya ba ta zuwa makaranta. Da na samu ciki na uku ko ƙyalle ban ajiye ba. Aka haifi Zuwaira, aka naɗe ta a tsohon zanena.

Washegari sai ga wata gajeriyar mace ta shigo ba dogon gaishe-gaishe, ta ɗauki jaririyar, ta ɗora taƙinta daga kafaɗa zuwa gwiwa, ta zagaya yatsu biyu a wuyanta, ta ajiye ta, ta fita. Na ce wa uwar mijina, "Wace ce wannan?" Ta ce, "Matar Alidu ce da ta tare bana, haka take." Kafin ranar suna ta kawo riguna shida. Daga ranar har shekara ashirin da ɗaya, ban tuna ranar da muke gari ɗaya ba mu ga juna ba.

Tana da dokokinta, kuma ba ta sassauta wa kowa, ko matar alhaji ce. Ba ta sa wa rigar jariri maɓalli a baya, ta ce wa zai so ya kwanta a kan tsakuwa. Igiya take sawa a kafaɗa, a ɗaure a kwance ba sai an tura kan yaro ta wuya ana taɓa maɗiga ba. Wando ba ta yi masa roba sai cibiya ta warke. Sabuwar atamfa sai ta wanke ta sau uku ta fitar da sitaci, amma ta fi son tsohon zanen uwar, wanda ya sha ruwa ya yi laushi. Masu zuwa barka da 'yan kayan kanti na leshi, ƙanana kamar na 'yar tsana, su ne abin dariyarta. Ta ce, "Na ranar hoto ne. Kafin arba'in ya zama tsumman goge baki."

Abin da aka fi sanin ta da shi kuwa shi ne kalmasa uku. Takan yanka rigar da girman yaro ɗan wata shida, sai ta naɗe ƙasanta da gefenta hawa uku, kowane hawa da zarensa. Ja, a warware shi ranar arba'in. Kore, a wata uku. Baƙi, a wata shida. Uwar da ba ta san awo ba ma ta san launi. Wata rana Alidu ya ce mata, "Ke fa kina kashe wa kanki kasuwa. Riga ɗaya wata tara, yaushe za su dawo?" Ta ce, "Malam, mutanen Komah sun daina haihuwa ne? Kai dai ka ji da tayarka."

Zuwaira ta yi aure, Harisu ya tafi da ita Dapaong inda yake sayar da kayan gyaran mota. Ta samu cikin fari daidai lokacin da ƙasa ta rikice. Tun ƙarshen 1992 aka shiga yajin aikin da ba a sa masa ranar ƙarewa ba. Lakwal a rufe ba ɗalibi ko ɗaya, ofisoshi a rufe, kaya ba sa hawowa daga Lome kamar da. Da shekara ta juya, mutane suka riƙa gudowa daga can, kowane gida a Komah ya cika da baƙi. A al'ada Zuwaira ce za ta zo gida ta haihu a gabana, amma Harisu ya aiko cewa ba zai ɗora mai ciki wata takwas a kan hanya mai shinge bayan shinge ba. Ya yi gaskiya. Ni ce zan je. Mijina Malam Garuba ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa, ba abin da ya riƙe ni. Awudu ya ce zai tashi nan da kwana goma, bayan haka bai san yaushe ba.

A saƙon akwai wata magana: yadi ya yi wuya a kasuwar Dapaong, in zan zo in taho da kayan jariri.

Kwana biyu ban faɗa wa Madina ba. Na uku ta same ni ina tankaɗen garin ƙosai, ta tsaya a kaina.

"Yaya Ma'u, Awudu ya ce da ke zai tafi. Ina zannuwan?"

"Waɗanne?"

"Na ɗinki mana. Ko a ganyen ayaba za ku naɗe mini jika?"

Na ce, "Tela, ba zan iya ba. In na je ya sauka lafiya, sai a nema."

"A nema a ina? Wa zai ɗinka? Ke? Ke da kika ɗinke wa Malam Garuba ƙafar wando, ya sa ƙafa ya rasa hanya?"

Na yi dariya, dariyar ta zama kuka. Na ce mata sau biyu na cika kwalla, sau biyu na rabar da kayan. In na cika ta uku da hannuna wani abu ya samu yaron nan, da wane ido zan dubi Zuwaira?

Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta zauna a kan turmi tana juya allurar ɗankwalinta. Can ta ce, "Tsofaffin nan me suka ce? Kada a ɗinka wa wanda bai zo ba, ko? To ba za mu ɗinka masa ba. Waɗanda suka zo za mu ɗinka wa. Shi kwance zai samu."

Ban gane ba sai da na gani. A gidan Alidu akwai wata yarinya Aïcha da ta gudo daga Lome da ɗanta ɗan sati uku, daga ita sai zanen jikinta da na goyo. A gidan liman akwai 'yar wata uku. A bayan masallaci akwai wani ƙato ɗan wata shida, Issifou, wanda cinyarsa ta kai damtsena. Madina ta kwashe tsofaffin zannuwana biyar, ta haɗa da nata uku, ta aika aka kawo yaran. Ta ɗora taƙi a kan kowanne. Kwana shida keken ɗinkinta bai huta ba sai lokacin salla. Ta fitar da riguna goma sha biyu, da wanduna, da ƙyallayen kunzugu tuli guda, da 'yan huluna biyu marasa nauyi. Na ce ba za a sa ta ulu ko ɗaya ba? Ta ce, "A Dapaong? Da bazara? Kina so ki dafa shi ne?"

Kowace riga sai da ta bi jikin yaran nan. Kafin ta naɗe, ta gwada wa Issifou. Ta yi hawa ɗaya da biyu, ta gwada wa 'yar gidan liman. Ta gama naɗewa, ta sa wa ɗan Aïcha ya wuni da ita. Ta farko ma ko minti biyar ba ta yi a jikinsa ba ya jiƙa ta sharkaf. Aïcha ta ruɗe tana ba da haƙuri, Madina kuwa ta ɗaga rigar sama tana ɗiga, ta ce, "Yaya Ma'u, ki shaida. Mai ita ya sa hannu. Wannan kuma ai ba sabuwa ba ce." Matan gidan suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

Shida ta bar wa Aïcha, domin da gaske na ɗanta ne. Shida muka wanke da sabulun salo, muka shanya. Da na zo naɗewa na ɗauko kwallata, sai ta karɓe ta ajiye gefe. Ta kawo wani buhun gari da ta wanke, ta zuba su ciki kamar kayan wanki. Ni na ɗaure bakin buhun da hannuna.

Mun yi kwana biyu a hanyar da ake yi wuni guda. A wani shinge bayan Kara wani mai kaki ya kwance buhun, ya ɗaga 'yar riga da yatsa biyu, ya tambayi ina yaron. Na ce kwance ne, na kai wa dangi. Ban yi ƙarya ba.

Muntasir ya sauka kwana tara bayan ƙaramar salla, a matarnite, asibitin haihuwa, da rana tsaka, da kukansa kamar an ci bashinsa. Ungozoma ta juya rigar da muka sa masa tana duba ɗinkin, ta tambayi wane kanti. Dangin Harisu sun kawo nasu na leshi ranar suna, an ɗauki hoto, kafin sati uku sun ƙi shiga. Na kirga kwanaki, ba zan ɓoye ba. Na biyar ya wuce, na bakwai ya wuce. Ranar arba'in na cire jan zare, na ba Awudu shi a ƙulle a takarda ya kai mata. Ya dawo ya ce ta karɓa ta yi guɗa, ta ce a gaya wa angon nata ya rage ci kada ya riga zare. Koren ma na aika. Na so in bi Awudu in koma, amma Zuwaira ba ta yi ƙwari da wuri ba, ga damina, ga maganar zaɓe da ta sa kowa ya zauna inda yake. Na ce bari in cire baƙin, in kai mata da kaina, da yaron a bayana.

Baƙin zaren yana nan a ƙulle a bakin zanena. Rigar kuwa tana jikinsa yanzu da nake wannan rubutu, ta sauko masa har gwiwa, ya ɓata gabanta da kunu. Matan unguwar nan biyu sun zo sun ari ɗaya sun kai wa telansu ya kwaikwaya. Ban hana ba, ita ma da ba za ta hana ba, sai dai ta ce bai iya ba. Allah Ya jiƙan Madina, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta 'ya'yan mutane.

Ranar da zan taho daga Sokodé, Madina ce ta rako ni tasha, ta ɗauko buhun a kanta ta hana ni taɓawa. Na hau gaban kamyo, babbar motar Awudu, ta miƙo mini shi ta taga. Awudu ya tayar da mota. Sai tsoron nan ya sake taso mini, na kamo hannunta.

Na ce, "Tela, in ba a kai ga jan zaren ba fa?"

Ta ce, "Za a kai ga baƙi, da yardar Allah. Ke dai da reza za ki cire, ba da haƙori ba. Na san halinki."

"To in na cire baƙin fa? Sai me?"

"Sai ki kawo mini shi in ɗora masa taƙi da kaina. Na gaji da auna 'ya'yan aro."

Na ce, "Allah Ya kai mu."

Ta ce, "Amin. Sakar mini hannu, Yaya, mota na tafiya."