Gyaran Sandar Sabis a Faru

Ran ƙanena ne a ciki, shi da abokansa masu gyaran sandar sabis ɗin waya. Ni kayan waya nake sayarwa a Mafara, na san wanda ya tsaya shi kaɗai arha ake sayensa. Na ce su yi ƙungiya, kada kowa ya sake bin hanyar Faru babu rakiya, saboda 'yan bindiga. A shagona suka shafa fatiha. Ɗan kwangilar da ke ba su aikin bai yi gardama ba, ya aika garin Bakura neman wasu ma'aikatan.

"Yaya, ƙungiya ce za ta auna mini gero?" in ji ƙanena, ya hau babur ya nufi Faru.

Sabis ya dawo Faru, cinikina ya ƙaru. Shi kuwa har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.