Sista Cire-Takalmi

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya a shekarar 1955, a wani gari da layin dogo ya ratsa. Mahaifinta tela ne mai keken ƙafa a bakin kasuwa, mahaifiyarta kuma tana saƙa a gida. A shekarar 1968 allurar ɗinki ta soki mahaifin a tafin ƙafa bai ji ba, domin ciwon suga ya riga ya kashe masa jin ƙafar. Wata biyar cur yana zuwa asibiti karɓar magani, a rubuta masa kati a sallame shi, ba a samu mutum ɗaya da ya ce masa ya cire takalmi ba. Ranar da aka duba, ba abin da ya rage sai yankewa. Ita ce ta lulluɓe keken da zane, tana da shekara goma sha uku.

Karatu

Ta kammala sakandare a 1974, ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ta fita da sakamako mai daraja a 1978. Malamanta sun rubuta a rahotonta cewa tana da hazaƙa, amma ba ta da haƙurin a ce mata "haka aka saba."

Fara Aiki

A 1979 aka tura ta sashen sha-ka-tafi, inda masu suga da hawan jini ke zuwa wata-wata. Nan ta ajiye wani ɗan benci, ta kafa ƙa'idar da ta jawo mata laƙabinta: duk mai suga, attajiri ne ko ɗan dako, sai ya cire takalmi da safa. Ta duba tsakanin yatsu, ta taɓa tafin ƙafa da tsinken tsintsiya idonsa a rufe, sannan ta zura hannu cikin takalmin ta lalubo tsakuwa ko ƙusa. Wanda ya tsaya jin nauyi takan ce masa, "Haba Baba, ba fuskarka na zo gani ba, miƙo ƙafar."

Aure

A 1981 ta auri wani makanikin jirgin ƙasa, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Maigidan ya sha faɗa wa abokansa cewa shi kaɗai ne a garin nan ake yi wa binciken ƙafa kafin a ba shi abinci.

Saɓani da Hukumar Asibiti

A 1991 sabon babban likita ya ga layi yana kaiwa la'asar, ya ba da umarnin minti uku ga kowane mara lafiya, a kuma daina duba ƙafa. Ba ta daina ba. Aka ba ta takardar tuhuma, ta amsa da layi guda: "Ranka ya daɗe, layi yana ƙarewa, ƙafa kuwa in ta tafi ba ta dawowa." Domin ladabtarwa aka mayar da ita ɗakin ajiyar kati, kuma a nan masu hukuncin suka tafka kuskurensu, don babu mai ganin likita sai ya bi ta tagar ɗakin ya karɓi katinsa. Ta ja bencinta zuwa bakin ƙofa, ba a miƙa wa mai suga kati sai ya nuna ƙafa. Sau biyu aka tsallake ta a ƙarin girma, ko a jikinta. A 1993 likitan tiyata ya shaida wa hukuma cewa ƙafafun da yake yankewa sun ragu, aka mayar da ita sashenta. Ba a ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba.

Ritaya

Ta yi ritaya a 2014. A wajen walimar ban kwana aka miƙa mata agogon bango, ta ce su riƙe abinsu, a ba ta bencin. Ta ajiye shi a ƙofar gidanta, kowace Talata tsofaffin majinyatanta suna hallara. A 2017 sugan ya kama ta ita ma, har ya taɓa mata gani. Da 'ya'yanta suka roƙe ta ta huta, ta ce, "Ido ne ya tafi. Yatsuna suna nan."

Rasuwa

Ta rasu ranar wata Talata cikin watan Maris na 2021, bayan ta duba mutum shida. Asibiti ya aiko da motar ɗaukar gawa, sai wani tsohon ɗan dako da ta ceci ƙafarsa a bakin ɗakin kati ya tare ƙofa, ya ce, "Ku mayar da motarku. Da ƙafar da ta bar mana za mu kai ta." Tafiyar kilomita uku ce zuwa maƙabarta, a ƙafa aka yi ta. Allah ya jiƙanta da rahama.

Ta bar babban ɗanta, malamin makaranta. Da mai bi masa, tela, wanda ya yaye zanen keken kakansa. Da 'yarta, 'yar kasuwa. Da Auta, ma'aikaciyar jinya, wadda wata huɗu bayan jana'izar ta karɓi takardar tuhumarta ta farko, a kan takalmi.