Kunnen Inna Sannu-sannu

A unguwar nan ba mai kiranta da sunan yanka. Inna Sannu-sannu ake ce mata, don ko mace tana tsakiyar naƙuda tana cizon bakin zani, abin da za ta ji ke nan: "Sannu-sannu, 'yar nan, ba korar mu ake yi ba." Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin ungozoma a ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa, mai ɗaki uku da baranda. Da shara da goge-goge ta fara, aka ga tana da hannu, aka tura ta karatu ta dawo da farar riga. Rabin matan da ke zuwa awo yanzu ita ta yanke musu cibiya. Ita kanta sau biyu ta haihu, ba wanda ya zauna, kuma ba ta yin zancen.

Akwai na'urar jin bugun zuciyar jariri a asibitin, amma kwanakin lalacewarta sun fi na aikinta. Don haka da ɗan ƙahon katako Inna ke aiki, ta kifa bakinsa a kan ciki ta kara kunne a ɗaya gefen. Tana da ƙa'ida guda da ta koya wa duk wadda ta yi aiki a ƙarƙashinta: kunne a ƙaho, yatsu biyu a wuyan hannun uwa. Bugu biyu ne a cikin mai ciki. Na uwa mai nauyi ne, yana tafiya a hankali. Na ɗa siriri ne mai sauri, kamar agogon hannu a ƙarƙashin matashi. In abin da kunne ya ji ya zo daidai da abin da yatsu suka ji, to uwar aka ji, ɗan ba a same shi ba tukuna.

Abin da ba wanda ya sani shi ne kunnenta na hagu ya mutu shekara biyu ke nan, na dama kuma ya fara bin sa. Ta koyi kallon leɓen mutane. Ta koyi zama ta yadda mai magana zai faɗo ta damanta. Kullum bayan sallar asuba takan ce yau za ta faɗa, in ta tuna gidanta da ba kowa sai kujera da rediyon da ta daina kunnawa, sai ta ce gobe. Wurin awo kuma ta shiga danna ƙahon da hannu ɗaya, tana tallafe cikin da ɗayan, don sautin ya matso kusa. Hannayen biyu duk sun sami aiki ke nan.

Wata Laraba da hantsi baranda ta cika. Abokiyar aikinta, wadda suke kira Doguwa, tana ɗakin haihuwa da wata mai naƙuda. Matar wani direba ta shigo awo, cikinta wata tara. Ciki na uku ke nan, biyun farko sun zube.

"Inna, tun jiya da azahar bai yi wani motsin kirki ba," in ji ta.

Inna ta kwantar da ita, ta laluba ta gano bayan ɗan, ta kifa ƙaho. Shiru. Ta matsa ƙasa kaɗan. Shiru, sai wani huci kamar na iska a bututu. Gumi ya tsattsafo mata a ƙarƙashin ɗankwali. Ta danna da ƙarfi har matar ta ɗan yamutsa fuska, can sai ga bugu, tim, tim, tim. Daɗin da ta ji ya sa ba ta tsaya tunani ba.

"Ga shi nan, lafiya lau. Malalaci ne kawai, gadon ubansa ya yi."

"Ai kuwa, Inna, in ya dawo daga tafiya ko ganga ba ta tashinsa." Matar ta yi dariya, ta gyara zani, ta karɓi katinta ta tafi.

Mata biyu suka shiga suka fita. Ta ukun ta ce jiri take ji, Inna ta kama wuyan hannunta. Tim, tim, tim. Sai ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi a gadon baya. Tafiyar bugun nan ita ce ta ji ɗazu, ba ragi ba ƙari. Bugun babban mutum ne. Ta dubi hannunta, ta tuna inda yake lokacin da take sauraren matar direba.

Ba ta ko cire farar rigar ba. Ta duba littafin awo ta nemo gidan matar direba, an rubuta bayan gidan mai, ƙofa shuɗiya. Ta ratsa kasuwa tana Innalillahi a zuci. Masu kaya suna gaishe ta, tana ganin bakunansu suna motsi, ba ta amsa ba. Wani mai babur ya taka birki dab da ita yana zage-zage, ashe ya daɗe yana mata oda. Ta ƙara sauri. Ta lissafa, an fi awa guda. In ɗan ya riga ya tafi tun jiya, wannan hukuncin Allah ne. In kuwa yana nan yana jiran a cece shi, ita ce ta ce wa uwarsa je ki gida.

Ta sami matar direba a tsakar gida tana shanya 'yan rigunan jariri, uwar mijinta na zaune a kan tabarma.

"Inna, ke ce da ranar nan? Na manta wani abu ne?"

"Ɗauko mayafinki, 'yar nan. Za mu sake dubawa."

Tsohuwar ta ɗago kai. "Ba yanzu ta dawo ta ce kin ce lafiya ba?"

"Na faɗa, Yaya. Ban tabbatar ba na faɗa."

Matar direba ta saki rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ta dai dafe cikinta da hannu biyu. A cikin tasi ta yi tambaya sau biyu, Inna ta ga leɓenta amma ta kasa haɗa maganar, sai ta riƙe mata hannu kawai.

Doguwa tana wanke hannu suka shigo. "Ina kika shiga, Hajiya, kika bar min garke ni kaɗai? Ko saurayi kika yi?"

"Zo ki saurara min wannan."

"Ni? Yaushe kunnena ya fi naki?"

"Tun bara waccan," in ji Inna. "Ba na ji, Doguwa. Uwar na ji ɗazu, na ce ɗan ne."

Doguwa ta dube ta. Ta karɓi ƙahon, ta lanƙwasa dogon bayanta, yatsu biyu a wuyan hannun matar. Ta matsa nan, ta matsa can. Inna ta tsaya jikin bango tana kallon fuskarta, don a nan kaɗai za ta iya jin amsar. Ta ga girar ta haɗe. Ta ga leɓen ya fara ƙirga.

"Yana nan," in ji Doguwa, da ƙarfi, tana fuskantar Inna sosai. "Amma ya gaji. Yana sauka yana tashi. A kira mota yanzu."

Aka wuce da matar direba babban asibiti. Inna ta koma ɗakin awo ta ci gaba da abin da hannu da ido za su iya, ta gwada jini, ta duba kumburin ƙafa, ta auna tsayin ciki, duk mai bukatar ƙaho ta ce ta jira Doguwa. Ta yi azahar ba ta san surar da ta karanta ba. Duk sanda Doguwa ta taɓa aljihun da wayarta take, sai Inna ta ɗago kai ta dube ta.

Bayan la'asar waya ta zo. An yi tiyata, an ciro 'ya mace. Ruwan da take ciki har ya yi kore, ba ta yi kuka da wuri ba, amma ta yi. Tana cikin kwalbar jarirai, likita ya ce a yi ta addu'a kwana biyu. Inna ta zauna a bakin gadon awo, ta ce Alhamdulillahi.

Doguwa ta jawo littafin awo ta ajiye mata a cinya. "Faɗan da zan miki yana nan, ban yafe ba. Amma yanzu nuna min. Su wa kika saurara ke kaɗai a watan nan?"

Inna ta bi layukan da yatsa. Waɗansu sun haihu lafiya. Saura mata shida da ke yawo da ciki, kowacce ta koma gida da "lafiya lau" ɗin Inna. Doguwa ta ɗauki uku, ta bar wa Inna uku, su bi su gida-gida su kira su a sake dubawa.

Ta farko matar mai walda ce, a layin bayan makaranta. Inna ta yi sallama a bakin ƙofa, ta tsaya. Ba ta san ko an amsa ba. Ta sake yi, ta ɗaga murya, sannan ta tura ƙofar ta shiga.