Kwanon Ruwan da Malam Maliki Ya Ƙi Sha

Shekara talatin da ɗaya Malam Maliki ya yi yana buɗe ɗakin gwaji na wata kwaleji a Daura tun ɗalibai ba su iso ba. Ba malamin aji ba ne. Shi ne mai wanke kwalabe, mai awon garin magani, mai lallaɓa na'ura in ta ƙi tashi. Gwaggona Kubura, wadda take sharar wurin, ta ce in ya idar da sallar asuba sai ya hau kekensa ya bi ta wajen masu goruba, ya kwashe ƙwallayen da aka ci aka yar. A bayan ɗakin yake ƙona su cikin rufaffen gwangwani har su zama gawayi. Ya daka, ya tankaɗe, ya haɗa da wani garin ƙarfe mai laushin da ido ba ya iya ware ƙwaya ɗaya a cikinsa. Wannan haɗin yake shafa wa bakin fensir, ya jona shi da waya zuwa wani ɗan akwati mai batir. In ya tsoma fensirin a ruwa, akwatin ya nuna lamba, lambar ta faɗi ko akwai dalma a ciki.

Manyan malamai sun rubuta takardu a kan aikin, sunayensu suna sama. Gwaggo ta ce nasa ko a ƙasa babu. Da ta yi masa maganar, dariya ya yi ya ce, "Kubura, ni in akwatin ya faɗi gaskiya ai an biya ni."

Asabar da Lahadi ba ya hutawa, ƙauyuka yake zagayawa yana gwada rijiyoyi. Mutanen wani ƙauye a Baure sun shaida cewa ya hana su cike wata rijiya da ake ce wa ta aljanu, ya gwada ya ce lafiyarta lau, mushen akuya ne a ciki. Aka yashe ta, har yau ita suke sha.

Haka ya zo ƙauyenmu a ƙasar Sandamu, shekara tara da suka wuce. Ina da shekara goma sha tara, ina goyon 'yar fari. Ya tsoma fensirinsa a gugan rijiyar gidanmu, ya duba akwati. Ya canja fensir ya sake. Sau uku. Sannan ya zauna a tabarmar zaure, surukina ya aiko a kawo wa baƙo ruwa. Ni na kai, na durƙusa na ajiye kwanon.

Ya dubi kwanon ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, ba zan sha ba. Kuma da za ku ji ta tawa, ku ma ku daina. Yara ta fi kamawa."

A wajenmu ko maƙiyinka ya sauka, yana kurɓar ruwanka. Surukina ya ce, "Rijiyar da kakana ya haƙa da hannunsa, yau fensir ne zai ba da shaida a kanta?"

Ƙanen mijina Sada ya ce, "Baba, a ba shi shayi mana, wataƙila ɗan birni ne." Aka yi dariya.

Malam bai yi fushi ba. Ya ce, "Akwai mai fasa tsofaffin batura a kusa? Ko akwai yaron da ke yawan ciwon ciki, ba ya son abinci?"

Suka ce babu.

Ina bakin ƙofa a lokacin. Na san Sada yana fasa baturan mota da na sola a bayan danga, ya narka dalmar ya kai kasuwar Kongolam ta bakin iyaka ya sayar, ruwan batirin kuma ya tuttular a ramin da bai fi taku goma daga rijiya ba. Na san yarinyar da ke bayana ta yi kwana huɗu tana miƙa tana kuka. Amma matar ɗa ba ta buɗe baki a gaban surukinta, uwa kuma ba ta nuna damuwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. Na ɗauki kwanon na koma ciki. Da wannan ruwan na dama mata kunu da yamma.

Wata biyar muka ƙara muna sha. Sai da yarinyar ta fara sanƙarewa muka kai ta asibiti, likita ya yi tambayar da Malam ya yi, da kalmomi kusan iri ɗaya.

Malam, kai ne ka dawo ba wanda ya aika maka. Gwaggo ta faɗa maka da safe, kafin la'asar kekenka yana ƙofar gidan da aka yi maka dariya. Ba ka ce ai na faɗa ba. Ka zo da bokiti biyu, ɗaya a kan ɗaya, da yashi da gawayin nan naka a tsakani, ka ce ƙarfen da ke jikin gawayin yana riƙe dalma kamar yadda ƙaya ke riƙe zane. Ka ce wannan na wucin gadi ne, sai an bar rijiyar. Ka gwada ruwan da ya tsiyayo, ka cika kwanonmu, ka shanye a gaban surukina. Tsohon ya sunkuyar da kai. Da maƙwabta suka ce a kai Sada gaban alƙali, kai ne ka ce, "Bai sani ba. Ku taya shi kwashe ƙasar ramin nan tukuna." Ka riƙe shebur tare da su. Duk wata kana zuwa canja gawayi har aka haƙa sabuwar rijiya a gabas da gari.

Yarinyar ta rayu, alhamdulillahi. Tana aji biyu, sa'o'inta suna aji biyar. Magana tana yi mata nauyi. In na ga tana neman kalma tana kallon bakina, sai in tuna bakin ƙofar zauren nan.

Makon jiya aka yi wa Malam Maliki walimar ajiye aiki. Na bi Gwaggo, na zauna a baya. Da aka ce mai magana ya taso, na ci gaba da zamana. Shi ya sa na rubuta, da ɗan karatun da na samu.

Na gode, Malam, mai tambayar ruwa. Allah Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ku ɗaliban da ya koya wa shafa gawayi, kada ku bar akwatin nan ya kwanta a kabad, akwai rijiyoyin da bai kai gare su ba. Ku 'yan'uwana mata, in mai sani ya yi tambaya a kan ɗanku, ku amsa ko a gaban wa.

Ranar nan ka tambaya ko akwai yaron da ba shi da lafiya. Akwai, Malam. 'Yata ce, ta fari. Sunanta Maijidda.